Harufa Biyar

Na dawo Iquitos da takarda a cikin leda,
shekara biyar ta Lima a naɗe kamar tabarma.
Na rataye ta kusa da kalandar kantin magani.
Damina biyu ta yi tana kallona,
danshi ya ci gefenta, gara ta lashi hatimin,
kowane ofis kuma amsarsa guda: "Sai wata mai zuwa."

Kawu Eleuterio bai wuce aji uku ba.
Malaminsu ya bi masu yankan katako, aji ya zama akurkin kaji,
shi kuwa ya gangara bakin kogi yana ɗan shekara tara.
Yau jirage huɗu ke kwana da sunansa a gaɓar Itaya.
Ayaba, gawayi, busasshen kifi,
rabin abin da kasuwar Belén ke karyawa da shi
ta hannunsa yake bi kafin gari ya gama wayewa.

Ya ɗauke ni aiki. Ba don takardar ba,
don ni 'yar ƙanwarsa ce; haka ya faɗa ƙiri-ƙiri.
In inji ya yi tari, sai ya lumshe ido ya kasa kunne,
ya ce, "Ruwa ne a mai." A duba, ruwa ne a mai.
Ni da na zana hanjin inji a allo sau ɗari
ina tsaye da sufana a hannu kamar baƙuwa.

Fasinjoji na son wannan labari.
Su nuna shi, su nuna ni, su ja kunnen 'ya'yansu:
"Ga mai digiri can tana kwalfe ruwa da gwangwani."
Ban musa ba, gwangwanin na hannuna.
Sai dai ba mai nuna Abundio da Melitón
da suka bar aji rana ɗaya da Kawu.
Ɗaya na dako har yau, bayansa ya lanƙwashe kamar lauje,
ɗayan zazzaɓi ya ɗauke shi a sansanin katako.
Kogi ba ya ƙirga waɗanda ya haɗiye,
wanda ya haye kaɗai ake tunawa.

Ranar da mutumin banki ya zo da farar riga
da shafi goma sha ɗaya na mitsi-mitsin rubutu,
Kawu har ya dangwala babban yatsa a tawada.
Na ce a dakata. A shafi na tara na same ta,
jimla guda, ta yi lamo kamar kada a laka:
a makara wata biyu, jiragen duka sun tafi.
Ya goge yatsan a wando. Bai ce na gode ba.
Da yamma dai ya aiko mini da kan kifi,
wanda ba ya bar wa kowa.

To wa ya ci nasara? Ni ban sani ba.
Har yanzu shi ke biyana ran Asabar,
har yanzu ana bina sauran kuɗin makaranta.
Da a kan ruwa na yi shekarun nan biyar,
wataƙila da kunnena ya buɗe,
wataƙila da bayana ne ya karye.
Hanyar da ƙafa ba ta taka ba sumul take a hangowa.

Daren jiya janareta ya mutu, sauro na ta goge,
sai ga shi da shuɗin fenti da buroshi,
yana sosa ƙeya kamar yaron da ya yi ɓarna.
Sabon jirgin ba shi da suna.
"Zoila," ya ce. Matarsa. Bana shekara shida.
"Kullum mai fenti nake biya.
Wannan da hannuna nake son rubutawa."

Na riƙe fitila, na riƙe hannunsa.
Hannun da ke kwance inji a cikin duhu, ga shi yana rawa.
Z ta juya mana baya, muka goge.
O ta fito kamar ƙwan da aka taka.
Sai da zakara ya yi cara muka isa A.
Ya ja da baya, ya daɗe a tsaye,
leɓensa na motsi, harafi bayan harafi.
Bai tambaye ni ko daidai ne ba.

Da asuba ya tura Zoila cikin ruwa.