Taswirar Shekara Hamsin

A kudancin Chile, inda ruwan sama ba ya neman izini,
Eduvina ta shimfiɗa takarda a kan tebur,
ta danne kusurwa ɗaya da kofin shayi,
ɗaya da dutsen da ta tsinto a gaɓa.

Shekarunta sittin da uku.
Taswirar kuwa ta shekara hamsin ce.
Ta yi lissafi, ta murmusa, ta fere fensir.

Nan za a yashe, zurfin gaba goma,
don jiragen da ba a ƙera ba tukuna,
masu ciki kamar unguwa.
Nan layin dogo zai gangaro da katako.
Nan ƙugiyoyi za su tsaya da wuyan raƙumin dawa,
suna tsintar kwantena kamar kaza a kan tsaba.

Baltasar ya shigo, takalmansa na ɗiga,
ƙarnin kifi ya riga shi sallama.
Ya daɗe yana bin zanen da yatsa.
"Ina kwalekwalena?"
Ta nuna masa ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba.
"Wurin nan," in ji shi, "yashi komowa yake.
Ubana ya ga an kwashe shi sau uku.
Teku ba ta karanta takarda."

Ba ta yi musu ba.
Wanda ya riga ka kwana, ai ya riga ka tashi.
Ta goge, ta matsar da gadar jirage taƙi guda.
A takarda taƙi ne,
a ƙasa kuɗin da zai sa minista tari.

Sai jikarta Rayén ta ture kofin.
Shayi ya malalo daga ɓangaren teku,
ya ci rumbunan kaya, ya ci titin kwastan,
ya tsaya daf da makaranta.
Babu wanda ya nemi tsumma.
Eduvina ta bi bakin jiƙon da jan biro:
"Ga abin da girgizar ƙasa ta taɓa faɗa mana,
muka manta."

Tun ran gini ran zane.
Ta kwashe komai ta hau da shi tudu,
ta bar wani fili fari fat a arewa,
ba layi, ba suna.
Yarinyar ta ce, me za a sa a nan?
"Ban sani ba. Naki ne.
In lokacinki ya yi, ki fara da tambayar masunta."

A waje igiyar ruwa na ta kai da kawo,
tana sa hannu a kan yashi,
tana gogewa.