Ƙwaro Cikin Ƙaro

Guguwa ta kwana tana dukan Baltik.
Da asuba Aldona ta shiga ruwa har gwiwa,
koma a hannu, sanyi na cizon ƙashi.

Cikin tarkacen da ta tsamo, dutse mai launin zuma,
marar nauyi, girman ƙwan tantabara.
Ta goge a hannun riga, ta ɗaga wa rana.

Ga shi nan.
Ƙafa shida, ɗaya a karye,
fukafuki rabi a buɗe,
kamar wanda aka kira yana bakin ƙofa.

Jikanta Rimvydas ya ce, "Kaka, malaminmu ya ce
irinsa sun ƙare tun ba a yi mutum ba.
Shekara miliyan arba'in."

Ta yi dariya. Ita da shekarun mijinta a kabari ma
sai ta ƙirga da yatsu.

Dajin da ya zubar da ƙaron ya nutse.
Ba kututture, ba tsuntsun da zai ba da shaida,
sai wannan ɗan mitsitsi
da ya taka danƙo wata rana da hantsi.

Dillalin Palanga ya taya Yuro tamanin.
Ta jefa shi aljihu, kusa da makullin gida,
ta koma ruwa.