Sunana a Hannun Nelida

Ni ne Hilario, mai jirgi a tafkin Titikaka,
ina kai dankali da fasinja Puno in dawo.
Shekara bakwai ina kiran 'yata da baki,
shekara bakwai kiran yana faɗawa ruwa.

Zazzaɓi ya shigo tana wata tara,
ya tafi da jinta, ya bar mana ita.
Asunta ta yi kukanta ta share.
Ni kuwa murya na ƙara ɗagawa,
kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Mutanen tsibiri suka ce a haɗa ta da tumaki,
tunkiya ba ta neman hira.
Na yarda.
Wannan ne wurin da ba na son tunawa.

Ranar wata Talata Malama Florentina ta shigo jirgina
da kwali cike da hotuna, duk ya jiƙe.
Sau biyu ta yi amai kafin mu kai gaci.
Ta tambaye ni ko akwai kurame a tsibirin.
Na ce babu.
Sai injin ya yi tari, ya buga kamar bindiga,
kowa a bakin gaɓa ya zabura ya waiwayo,
ban da yarinyar da ke jiran igiyata.
Malama ta dube ta, ta dube ni.
Ba ta ce komai ba. Da ma ta zage ni.

Ɗakin ajiyar raga aka share musu.
Su huɗu ne:
Nelida,
da Fermin da ake goyo a hau matakala ɗari biyar,
da Teodora, shekara sha huɗu, ba ta taɓa riƙe fensir ba,
da ƙaramin Sabino da ba ya kallon ido,
amma ya san adadin jiragen da suka fita tun asuba.
Aka jera benci kamar jinjirin wata
don kowa ya ga fuskar kowa.
In Malama na son hankalinsu sai ta doki katako da ƙafa,
kiran ya bi ta ƙasa ya same su.

Daren Alhamis na iyaye ne.
Hannun da igiya ta cinye ba ya lanƙwasa da sauƙi.
Na zo in ce ruwa, na ce wani abu daban,
Nelida ta tuntsire har da riƙe ciki.
Ashe haka muryarta take.

A wannan harshe kowa na da suna a hannu.
Na Malama, dafe ciki, saboda aman nan.
Na Asunta, jan kitso a kafaɗa.
Nawa na ɗauka jan igiyar inji ne.
Sai yarinyar ta kai yatsu gaban baki,
ta buɗe, ta rufe, ta buɗe,
kamar kifin da aka jefo kan katako.
Abin da ta gani ke nan shekara bakwai.

Malama ta ce ana iya sakewa.
Na ce a bar shi. Ni na saye shi.

An ce kwangilar Malama za ta ƙare a Disamba.
Mun rubuta takarda, mu goma sha ɗaya,
na dangwala babban yatsa, zan kai Puno da kaina.

Da safen nan na yi nisa da gaɓa,
inda iska ke cinye ihun matuƙa tun bai isa ba.
Na waiwaya, ga ta can, jar hula a ka,
hannuwa sama, tana buɗe yatsu gaban baki.
Na saki sitiyari na amsa.
Ta ce: fensir biyu, kar ka manta,
ɗaya na Teodora ne.