Mita Huɗu Ƙasa da Teku

Ƙarfe uku saura kwata wayar ta yi kuka.
Ba kukan kira ba, wancan ɗayan,
wanda na zaɓa masa sautin da na fi tsana
don kada kunnena ya saba da shi.

Na tashi a duhu, na taka jelar kyanwa,
na buɗe kwamfuta a teburin girki
tsakanin ɓawon lemo da takardar kuɗin wuta.
Gidan nan mita huɗu yake ƙasa da teku.
A Rotterdam wannan ba labari ba ne.

Mu goma sha ɗaya ne a kamfanin,
cikin tsohon siton ayaba a bakin tashar jiragen ruwa.
Mun binne ma'aunai dubu biyu da ɗari shida
a jikin ganuwar da ke tare ruwa,
kowanne kamar yatsa a wuyan hannun majinyaci,
yana jin ko ƙasa ta fara gumi.
Su ke ce wa injuna: tashi, zuƙe, huta.
Nawa aikin
in tabbata ba wanda ya koya musu ƙarya.

To, ga wani a ciki.
Bai ɓalle ƙofa ba, bai haura katanga ba,
da mabuɗi ya zo, kamar ɗan gida,
yana leƙa ɗaki ɗaki, bai taɓa komai ba tukuna.
Irin wannan ya fi ba ni tsoro.
Mai gaggawa kuɗi yake so.
Mai haƙuri, Allah kaɗai ya san me yake so.

A waje iska na jijjiga kekunan da aka ɗaure a gada.
Na tuna kakata Geertje,
da ta kwana a rufin coci tana 'yar shekara bakwai,
shanu na wucewa ƙarƙashinta, ƙafafu sama.
Har ta rasu, takalmanta a kan kujera suke kwana.

Na kira Sarita Ramdin. Ta ɗauka da jariri a kafaɗa.
Ta ce, kashe mabuɗin.
Na ce, bari in ga na waye.
Ta ce, Annelot, kashe shi, ki yi gulmar daga baya.

Na kashe.
Na sauya sauran guda arba'in da ɗaya, ɗaya bayan ɗaya,
na bi sawunsa baya baya cikin rajista
har na iso inda bango ya tsage.

Sunana ne a wurin.
Shekara biyu da suka wuce, daren gwaji gaban masu zuba jari,
na ajiye mabuɗin a fili cikin manhaja,
na rubuta a gefensa da hannuna:
na wucin gadi ne, zan gyara gobe.

Ƙadangare bai yi laifi ba.

Na zauna har kofi ya huce, ya yi fata.
Sannan na rubuta rahoton, ban ɓoye sunan ba,
ko da yake sau biyu yatsana ya je zai goge.

Da safe Tjeerd ya shigo da hular keke a kansa,
yana murna, wata gunduma ta sa hannu.
Ya karanta a tsaye. Ya daɗe a layi na shida.
Ya ce, me muka rasa?
Na ce, babu.
Ya ce, me zan gaya wa masu kuɗi kin yi mana bana?
Na ce, shi ɗin dai. Babu.

Da yamma na bi ta kan ganuwa zuwa gida.
Hagu, teku ya cika ya batse, yana lasar dutse,
kowace shekara yana ƙara ɗan tsawo kamar yaron maƙwabta.
Dama, can ƙasa, wata mata tana shanya zanen gado,
maƙalai biyu a bakinta,
ko ɗaga kai ba ta yi ba.