Talata a Kasuwar Barci

Ya dawo tun kafin assalatu,
ba sallama, dama bai taɓa yi ba.
Ya zauna a ƙuguna, ya miƙe ƙafa har ƙeya.

A Asibitin Dutse sun ɗaga hoton ƙashina ga haske,
likita ya ce, "Malam Tanimu, ba abin da ya goce."
Na yi godiya. Na fito ina dafa bango.

Na dai gane halinsa:
in aka aiko a kan kuɗin haya,
ko Larai ta tuna mini kuɗin makaranta,
sai ya taso, kamar shi ake bi bashi.

Yau ban yi kokawa da shi ba.
Na cika gorar lemo da ruwan zafi,
na soke a bayan riga.
Numfashi huɗu, sannan in taka keken ɗinki.
Wuyan kaftani ɗaya na haɗa kafin azahar,
ɗaya tak, shi ma ya karkace.

Ɗanlami mai shayi ya leƙo: "Ya jiki?"
Na ce, "Yana nan. Ni ma ina nan."

Bayan la'asar na farke wuyan,
zare bayan zare.
Mai kaftanin sai Juma'a zai zo.