Tsari na Biyu

A rumfar ƙungiyar manoma, Aujara, da hantsi,
na ɗora kwamfuta bisa buhun shinkafa,
batirin sola a gefe yana lumshe ido kamar kyanwa,
layi ya miƙe daga nan har gindin tsamiya.
Rajistar taki ce, kowa ya zo da babban yatsansa.

Na'urar ɗaukar yatsa ba ta kai sabulun wanka ba.
Na cusa wutsiyarta a jikin kwamfuta, ta yi ƙyas.
Tsakaninsu akwai tafinta, sunansa wai direba,
ba shi da mota, bai san kuɗin lodi a tasha ba,
aikinsa ya tare baƙuwa: ke wace ce, me kika iya?
Ta ce masa: tsari uku gare ni, ɗauki ɗaya.
Na farko sauri ne, wuta kaɗan, kallo sama-sama,
na biyu nawa gare shi, ga shan batir, amma yana tono,
na uku gyangyaɗi, sai an taɓa ni in farka.
Direba bai shawarce ni ba, ya cafke na farko,
ɗan aike ne da ya tsaya a rumfar bakin kasuwa.

Tanimu mai cajin waya ya ɗora: kore.
Malam Isiyaku na firamare: kore.
Sai ga Baba Ilu daga fadama, laka har ƙwauri,
ya goge yatsa a gefen taguwa, ya danna. Ja.
Ya sake. Ja.
Ya hura masa iska, ya shafa a goshi. Ja.
Allo ya rubuta: ba a ga yatsa ba.

Ya ɗaga hannun, ya duba ciki da baya.
"Hansatu, ga shi nan fa. Da shi aka haife ni."
Layi ya fashe da dariya, sannan dariyar ta tsinke,
don kowane tsoho ya sunkuya yana duban nasa.
Damina hamsin ƙotar fartanya tana lasar zanen nan,
lauje ya ci rabonsa, igiyar guga ta ƙarasa.

Na shiga ɗakin direba, ƙofa bayan ƙofa,
can ƙurya na iske su ukun a jere.
Na taɓa na biyu, ya ce: a'a, tana kan aiki,
ba a sauya wa jaki mangala yana tafe.
Na rufe rajista, na sallame ta, fitilarta ta mutu,
rumfa ta yi tsit, har kukan injin ban-ruwa muna ji.
Ya ce kuma: wannan tsarin zai ci wuta ninki biyar.
Na kashe fanka. Na zare wayar shugaba daga caji,
ya harare ni, na ce: ranka ya daɗe, ko ita ko su.

Fitila ta dawo.
"Baba, ɗora. Kar ka danna, bar shi ya kwanta."
Ɗaya, biyu, shida, tara, gumi na bin haɓata,
sai zane ya fara tasowa a allo, a hankali,
kunya-kunya, kamar gona bayan ruwan farko,
ga tabon lauje ya ratsa ta kamar hanyar shanu.
Kore.
Bai ce komai ba. Ya daɗe yana kallon gonar.

Da la'asar batir ya ƙare, saura mutum goma sha ɗaya,
Iya Marka ta yi mita, daga nesa ta taho da ƙafa.
Na naɗe waya, na buɗe littafin lissafi,
ƙarƙashin bashin fetur na rubuta da jan biro:
gobe, kafin kowa, koma ɗakin direba.
Mantuwa gare shi. In an zare an mayar,
na farkon nan zai sake ɗauka.