Fenti Uku

Lira dubu arba'in muka haɗa, ni da Nevzat,
muka zuba a tsohon gwangwanin shayin Inna,
muka ce ranar da ya ƙare, gyara ya ƙare.
Dillali ya zagaya gidan sau ɗaya, hannu a aljihu,
ya ce, "Ku shafa fari. Mai saye fari yake so."

Gidan Baba yana kan tudu a Zonguldak,
matakala ɗari da sha biyu daga bakin titi,
ruwan sama ya gaigaye su kamar ɓera da sabulu.
Buhun siminti a kafaɗa yake hawa.
Nevzat ya kai bakwai, ƙugunsa ya ce a'a.
Sauran ukun ni da maƙwabciya Fikriye muka ja,
kamar akuyar da ta hango mahauci.

Usta Remzi ya hau rufi, ya sauko yana tsaki,
ya ce sabo zai cinye gwangwanin har da murfi.
Sai muka sayo tsoffin tayil na gidan da aka rushe a gangare,
ja da ruwan ƙasa, babu biyun da suka yi kama.
Daga ƙasa ba a gani.
Tsuntsayen teku ne za su sani, su kuwa ba sa sayen gida.

Famfon kicin mun sauya masa roba, ya daina kuka.
Ƙofar ɗaki na goge ta da hannuna
har yatsuna suka manta zanensu.
Labule daga kasuwar Laraba, an rage mini goma.

Amma akwai wuri ɗaya a bakin ƙofa, daidai kafaɗa,
inda Baba ke dafawa ya cire takalmi
in ya fito daga ramin kwal.
Shekara talatin da ɗaya, hannu ɗaya, bango ɗaya.
Na shafa fenti, ya bushe, hannun ya fito.
Na ƙara. Ya fito.
A na uku ya lafa,
sai dai in rana ta karkato daga teku
za ka ga inuwar yatsu biyar suna neman hanya.

Sai tsagar.
Daga taga ta gangaro har daɓe, a ɗakin baya.
Ƙasan unguwar nan duk rami ne, su Baba suka haƙe shi,
gidaje suna zama a hankali kamar tsofaffi.
Nevzat ya ce, "A cike, a shafe, a jingina kabad."
Bashi ne a wuyansa, ga yara biyu a makaranta,
ban iya kallon idonsa na yi masa wa'azi ba.
Muka cike. Muka shafe. Ni na kama ɗaya gefen kabad ɗin.

Ranar Asabar masu saye suka hau, suna haki,
Selami direban bas, da matarsa Yeter, ciki ya tsufa.
Ta tsaya a bakin ƙofa za ta cire takalmi,
ta miƙa hannu ba ta duba ba,
ta dafa wurin.

Ban san lokacin da na shiga ɗakin baya ba.
Ni kaɗai na ture kabad ɗin, ya yi ƙara a kan daɓe.
Na ce, "Ku zo ku ga wannan tukuna."

Sun saya, amma an zabge kuɗin sosai.
Nevzat ya yi kwana tara bai ɗaga wayata ba.
A na goma ya kira, bai ce komai a kai ba,
ya tambaya ko saura nawa a gwangwani.
Na ce lira sittin.
Ya ce, "To, kawo. Shayi biyu ne a bakin tasha."